Zaman ƙungiya na masu ciwon damuwa a Arewacin Kamaru: wanda ke warkarwa da wanda taro ne kawai

Daga Marwa zuwa Mora, daga Kusuri zuwa sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, akwai wani aiki da ƙungiyoyin agaji da wasu cibiyoyin lafiya ke yi tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a gefen Kamaru na iyakarta da Najeriya a 2014. Ana tara mutanen da damuwa ta yi wa katutu, su zauna a da'ira tare da jagora, su riƙa haɗuwa mako-mako. Ma'aikatan kan kira shi "groupe de parole" da Faransanci, wato ƙungiyar magana. Irinsa ake yi a gefen Tafkin Chadi, wajen Baga Sola ta ƙasar Chadi. Hukuncinmu a kansa shi ne ya cancanci a je, ya kuma cancanci mutum ya bar matarsa ko ƙanensa su je. Sai dai suna ɗaya ne ya rufe abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Ɗaya magani ne mai tsari, ɗayan kuwa taro ne kawai, wani lokaci ma taron da mutum ke tashi daga cikinsa da ciwo fiye da wanda ya zo da shi.

Buƙatar dai ba a ɓoye take ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a wuraren da yaƙi ya taɓa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga ciwon damuwa da fargaba har zuwa taɓin hankali. Lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda Marwa da Mora suke, kuwa ba yaƙi kaɗai ya gani ba. Ga faɗan Logon Birni na 2021 da ya kori dubban mutane zuwa Chadi, ga ambaliyar 2024 da ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da kewaye. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne, kuma a manyan garuruwa suke. Idan aka ce sai kowa ya ga likita shi kaɗai, to yawancin mutane har abada ba za su gan shi ba. Shi ya sa aka ɓullo da hanyar da jagora ɗaya, wanda ba lallai ne ya zama likita ba, zai riƙe mutum takwas a lokaci guda.

Alamar farko ta zaman ƙwarai tun kafin a shiga da'ira ake ganinta. Jagora zai keɓe da mutum, su biyu, ya saurare shi. Babu mai zuwa ya ce yana da ciwon damuwa. Abin da ake ji shi ne ciwon kan da ya ƙi jin farasitamol, faɗuwar gaba, zafin jiki ba zazzaɓi, barcin da ke yankewa tun kafin asuba, abinci ya fita a rai, ko "tunani ya yi mini yawa". Saboda haka sai an fara tabbatar da cewa ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, ba ƙarancin jini ba, ba tarin fuka ba, domin duk suna kawo kasala irin wannan. Daga nan a bi takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ke bibiyar makonni biyun da suka wuce. Kowace tambaya tana da maki 0 zuwa 3, jimlarsu 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ɗaukar cewa ciwon ya kai a yi masa magani. A rubuta makin a ajiye, don da shi za a auna ko zaman ya yi amfani.

Tambaya ta tara ita ce wadda jagora mara horo ke tsallakewa, alhali ita ta fi kowace muhimmanci, wato tunanin mutuwa ko cutar da kai. A wurinmu magana ce mai nauyi, ga tsoron Allah ga kunyar mutane, don haka mai wannan tunani yakan haɗiye shi. Tambayar ba ta cusa wa kowa tunanin da ba shi da shi. Ana yin ta ne a tausashe kuma a fili: "Inna, idan ƙuncin ya yi yawa, yakan kai ki ga jin gara a ce ba kya raye?" Idan amsar ta nuna har an yi shiri, to wannan ba mai jiran zaman mako mai zuwa ba ne. A ranar za a kai shi wurin likita, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kwashe maganin feshin auduga da na ɓera daga ɗakin, domin a yankin noman auduga su ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Haka wanda ke jin muryoyin da shi kaɗai ke jin su, da wanda tiramol ko giya suka riga suka mallake shi. Waɗannan kulawa ta daban suke buƙata tukuna, kuma cusa su cikin da'ira cutar da su ne da sauran mutanen. Mai farfaɗiya kuwa ƙwayar asibiti ce maganinsa, ko da daga baya zai shiga ƙungiya saboda damuwar da ciwon ya jawo masa.

Tsarin da muka fi yabawa shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafinsa a 2016, wanda ake kira IPT na ƙungiya, wato maganin damuwa ta hanyar gyara mu'amalar mutum da na kusa da shi. Mutum shida zuwa goma, zama takwas, sau ɗaya a mako, kowane zama minti 90. Ƙungiyar a rufe take, waɗanda aka fara da su da su za a gama. Ginshiƙinsa shi ne ciwon damuwa yakan shigo ta ɗayan ƙofofi huɗu: rasuwa, saɓani da wani na kusa, sauyin rayuwa, ko kaɗaici. Kowa zai zaɓi ƙofa ɗaya ko biyu da suka fi dacewa da shi, a tsaya a kansu. Duk wanda ya san yankin nan ya san masu waɗannan ƙofofi. Akwai matar da mijinta ya ɓace a hanya shekaru da dama, ba gawa ba labari, ba ta yi takaba ba kuma ba ta da aure. Akwai ɗan kasuwar da ke da shago a Amchide, garin kan iyaka, jiya, yau yana layin rabon abinci. Akwai amaryar da aka kai ƙauyen da ba ta jin yarensu.

A zaman farko jagora yana faɗa wa kowa abu guda wanda da yawansu ba su taɓa ji ba: wannan ciwo ne mai suna, ana warkewa daga gare shi, ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ya halatta a rage wa mai shi wasu ayyukan gida har ya farfaɗo. Daga zama na biyu zuwa na bakwai aikin ke gudana. Bayan gaisuwa, kowa ya faɗi yadda zuciyarsa ta kasance a makon, sai a nemo abin da ya faru har ta kasance haka. A nan gwanintar jagora ke fitowa. Mace za ta ce, "Maigida ba ya kula da ni." Jagora mai rauni zai ce ta yi haƙuri, magana ta mutu. Gwani kuwa sai ya ce, "Yaya, wace rana ce? Me kika ce masa, kalma da kalma? Shigowarsa ke nan ko ya riga ya ci abinci? Su wa ke wurin?" Sau da yawa sai a tarar maganar kuɗin cefane ce aka tayar a gaban baƙi, shi ya ji an ci masa fuska, ita ta ji an yi watsi da ita. Sai a juya ga sauran matan, kowace ta kawo yadda za ta ɓullo wa lamarin. A zaɓi hanya ɗaya, wata ta tashi ta zama maigida, a gwada maganar a nan cikin da'ira sau biyu ko uku har bakin mai ita ya saba. Ta tafi gida da wannan ƙaramin aiki, mako mai zuwa ta dawo da labarin yadda aka kwashe. In bai yi ba, a gwada wata hanyar.

Wannan ne abin da ganin likita kai kaɗai ba ya bayarwa, kuma shi ne ainihin darajar aikin. Shawarar da ta fito daga bakin wadda ita ma take zaune da kishiya da uwar miji ta fi shiga kunne. Wanda ya shekara yana zaton shi kaɗai ne ke firgita idan babur ya yi ƙara, yana jin wani ya faɗi haka sai nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Mai ciwon damuwa yana ganin kansa ba shi da amfani ga kowa, to ranar da shawararsa ta gyara gidan wani, wannan tunanin ya fara tsagewa. Ga kuma sanin cewa in ba ka zo ba akwai masu cigiyarka, wanda shi kaɗai ya isa ya fitar da mutum daga ɗaki.

Hujjar ba ta baki ba ce. A wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 30 na kudancin Uganda, wanda aka buga sakamakonsa a 2003, an yi wa mutane irin wannan zama har makonni 16, maza daban mata daban, kuma jagororin mutanen gari ne da aka horar. Da aka kammala, kashi 6.5 cikin 100 na waɗanda suka halarta ne kawai suka rage da ciwon damuwa mai tsanani, a ƙauyukan da ba a yi zaman ba kuwa kashi 54.7. Da aka koma bayan wata shida, amfanin yana nan. A gabashin Kwango an gwada wani tsarin na daban ga matan da aka yi wa fyaɗe, zama ɗaya a keɓe da goma sha ɗaya a ƙungiya, aka buga a 2013. Wata shida bayan an gama, kashi 9 ne ke da alamun damuwa ko fargaba, idan aka kwatanta da kashi 42 na waɗanda aka ba tallafin da aka saba bayarwa.

Akwai tsari na biyu da ya fi gajarta, shi ma na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana kiransa PM+ na ƙungiya, zama biyar na kimanin awa biyu-biyu. Shi dabaru huɗu yake koyarwa. Ta farko numfashi ne: hannu a kan ciki, a ja iska ta hanci daƙiƙa uku, a sake ta daƙiƙa uku, har numfashi ya sauko zuwa 10 ko 12 a minti. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa jan iska da ƙarfi da sauri, sai jiri ya kama mutum, ya tsorata ya ce abin ba nasa ba ne. A fara koyonsa lokacin da hankali ke kwance, kullum, kafin a neme shi ranar firgici. Ta biyu warware matsala ce mataki-mataki, kuma a nan ma wuri ɗaya ake tuntuɓe, wato zaɓen matsalar da ta fi ƙarfin mutum. "Yaushe za mu koma gida" ba ta warwaruwa a da'ira. "Wa zai riƙe mini yara ranar kasuwa" tana warwaruwa. Sauran biyun su ne komawa ga ƙananan ayyukan da aka watsar, da gyara zumunci. PM+ yana da kyau ga wanda damuwarsa ba ta yi zurfi ba, amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. A gwajin da aka yi da 'yan gudun hijirar Siriya a Jodan an ga sauƙi bayan wata uku, da shekara ta zagayo kuwa bambancin ya dushe. Zama biyar ba ya canza halin da mutum ke rayuwa a ciki.

To, ina ake samun matsala?

Babbar ita ce taron da ƙofarsa a buɗe take. Yau mutum goma sha biyar, jibi arba'in, kowa da sabuwar fuska, a ce wa jama'a kowa ya faɗi abin da ya gani ranar da aka kawo hari. Wannan ba magani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da yin hani ga sa mutane su zayyana bala'in da ya same su a zama guda da sunan sauke nauyi, saboda bincike bai nuna yana amfani ba, kuma yana iya jinkirta warkewa. Mai bayar da labarin ya buɗe rauni ba wanda zai ɗaure masa, masu saurare kuma kowa ya koma gida da mafarkin wani a kan nasa. Ko a zaman ƙwarai ba a tilasta wa kowa magana, kuma idan wani ya fara shiga cikin bayanin jini da gawa, aikin jagora ne ya dakatar da shi cikin girmamawa, ya ce za su ƙarasa su biyu bayan an tashi.

Ta biyu sirri ne, kuma a nan ne ko zaman ƙwarai ke da rauni. A unguwa ko sansanin da kowa ya san kowa, magana ɗaya ta fita zuwa bakin rijiya, ƙungiyar ta mutu, mai maganar kuma wataƙila aurenta ya shiga haɗari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma dole a maimaita wannan alkawari a farkon kowane zama, ba a na farko kaɗai ba. Amma alkawari bai isa ba, sai an gyara tun daga haɗa mutanen. Kada a haɗa kishiyoyi, ko suruka da matar ɗanta, ko mai bin bashi da wanda ake bi. Maza daban, mata daban, 'yan mata kuma kada a zaunar da su da sa'o'in iyayensu, don kunya za ta rufe musu baki har a gama. Matar lawan ko ta jauro, wato masu sarautar ƙauye, a cikin da'ira takan sa kowa ya auna kalmominsa. Wurin zama ma abin dubawa ne. Rumfar da ba ta da katanga, yara na leƙe, masu wucewa na jin komai, ba wurin wannan aiki ba ne. Shawararmu ga mai shiga ita ce a zama biyun farko ya faɗi abin da ko ya fita ba zai kashe shi ba, ya ga yadda ƙungiyar ke riƙe magana. Abin da ya shafi fyaɗe ko ciwon da ake ƙyama, a fara kai shi wurin jagora a keɓe.

Sai yare. Da'ira ɗaya na iya ƙunsar mai Hausa, mai Fulatanci, mai Barbarci, mai Larabcin Shuwa da mai Mafa. Idan komai sai ya bi ta bakin tafinta, rabin minti 90 ya tafi, kuma tafintan ɗan unguwa ne, kunne na goma sha ɗaya. Gara a jira a tara masu yare ɗaya, ko da za a makara da mako biyu.

Kuɗi ba a karɓa a inda ƙungiyoyin agaji ke gudanar da aikin. Abin da mutum ke biya shi ne kuɗin babur da rabin yinin da ya rasa. Inda ake raba sabulu ko kuɗin hanya a kowane zama kuwa sai lamarin ya juye: masu buƙatar sabulun su cika wurin, su koyi amsar da ake so a ba takardar tambayoyi, masu ciwon na gaske suna kwance a ɗaki. Talauci ne ya kawo su, ba abin zargi ba ne, amma a raba layin agaji da na magani. Lokaci ma yana kashe ƙungiya. Wadda aka buɗe a tsakiyar damina, ko lokacin dashen masakwa, wato dawar rani, ko aka sa ta ranar kasuwar gari, kafin zama na huɗu ta watse. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu zaman safe ne ya fi yiwuwa.

Game da jagora, littafin PM+ ya nemi a ba wanda ba ma'aikacin ƙwaƙwalwa ba horo na kwana goma cur, sannan a ci gaba da duba aikinsa a kai a kai. Wannan dubawar ita ake yawan yankewa idan kuɗi ya yi ƙasa, kuma da zarar an yanke ta sai jagora ya koma mai wa'azi, shi ke magana mutane na gyaɗa kai. Ma'auni mai sauƙi: in muryar jagora ta fi ta mahalarta yawa, zaman ya karkace. Haka in ya bar mutum ɗaya ya cinye lokacin kowa. Addu'ar buɗewa da ta rufewa ba su da laifi in kowa ya yarda, kuma babu dalilin hana mutum zuwa wurin malaminsa ko fastonsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ce wa mai kuka ya daina don kukansa rashin tawakkali ne.

Maza su ne aikin ya fi bari a baya. Yawancin da'irori na mata ne, alhali magidancin da ya rasa shanunsa ko jarinsa yakan fitar da nasa ciwon ta hanyar faɗa a gida, shiru, ko ƙwaya. Jagora namiji, zaman bayan la'asar, da farawa ta maganar sana'a da bashi, sun fi jawo su fiye da kiran su zuwa taron masu damuwa.

Zaman ƙungiya ba ya hana shan magani. Wanda makinsa ya yi sama sosai, likita na iya haɗa masa da magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline ko fluoxetine. Sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, ba a dainawa da zarar an ji sauƙi, kuma ba a sayensu a hannun masu tallar magani a kasuwa.

A zama na takwas ana sake bin takardar tambayoyin nan tara, a kwatanta da makin farko. Wanda nasa bai sauka ba, ko ya hau, a tura shi gaba, kada a sallame shi da fatan alheri kawai. Kowa ya tafi da sanin alamomin da ciwon ke fara dawowa da su a jikinsa, da sunan wanda zai nema in sun bayyana. Ƙungiyoyi da yawa kan so su ci gaba da haɗuwa da kansu, abu ne mai kyau, kuma sau da yawa sukan rikiɗe zuwa adashi. In za a yi haka, a ware ranar zubi daban da ranar magana, a kuma naɗa mai riƙe kuɗi wadda ba ita ke jan zaman ba, domin wadda ta kasa zubi a wannan mako ita ce wadda ta fi buƙatar zuwa, kuma kunyar bashin za ta hana ta.